Rijiyar Mai-Igiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya sabon wurin aiki, yaya kuma ciwon bayan nan? Kada ka ce mini ya tafi, na san ka da ɓoye ciwo kamar wanda ya sato shi. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ka tambayi labarin teburinmu, to yana nan da ransa. Wata uku ke nan da tafiyarka, ba mu fasa ko Asabar ɗaya ba. Da yamma ta yi, Kawu zai iso da sandarsa, Auta ta taso daga ofishin lauyoyinsu da takalmi a hannu, Tela ta rufe shago ta tsallako titi. Mu shimfiɗa taswirarka a teburin cin abinci, mu danne gefen da ke naɗewa da gwangwanin sukari, a fito da tiren Mama da 'ya'yan ludo biyu. Maigidana ya zauna a kujerarka, da littafin da ka bar masa, shi ke ba da labari yanzu. Yana ƙoƙari, Yaya. Bai iya muryar tsofaffi kamar kai ba, duk tsohon da ya kwaikwaya sai ya fito kamar mai mura, amma malamin lissafi ne, ko ɗigon ruwa ba ya ɓace masa.

Shekaranjiya wata abokiyar aikina a ɗakin wankin rauni ta tsare ni, wai me mutane manya suke yi da ɗan ludo duk Asabar. Na ce mata wasa ne na labari: mutum ɗaya yana faɗin yadda duniya take, sauran kowa yana da mutuminsa a ciki, yana faɗin abin da zai yi, in abin mai haɗari ne a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ta ce to ni sarauniya ce a ciki ko matsafiya? Na ce ni tsoho ne mai haƙar rijiya, Mai-Igiya ake ce masa, yana da ciwon gwiwa da wata macen jaki mai suna Sai-Gobe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ma mafarki zan yi, in yi mai daɗi mana.

Na kasa fahimtar da ita, amma kai ka sani. Ina son duniyar wasan nan namu, Ƙasar Gishiri, don ba ta yi mini ƙarya. A can takalmi yana tsinkewa. Tafiyar kwana goma kwana goma ce, ba wanda zai ɗauke ka a fiffike. Akwai abubuwan al'ajabi, amma shekara bakwai muna wasa sau biyu kacal muka gani: matar nan da ke kiran iska, wadda duk kira ɗaya sai jinta ya ragu, da saɓar macijin sama da muka tsinta a kogo. Har yau in na tuna yadda Kawu ya shafa takardar taswirar a hankali, kamar saɓar ce a gabansa, sai in yi dariya. Mutumin da ya shigo gidan nan da niyyar yi mana wa'azin caca, ga shi yanzu shi ne madugun ayari, har yana faɗa in an makara.

Yanzu muna tsakiyar Farin Fili, muna nufin Dutsen Tsawa. Ka tuna kai ka rubuta cewa macijin sama yana sauka a can sau ɗaya a shekara arba'in, ya kwana ɗaya ya tashi. To lokacin ya zo, kuma duk mun ƙwallafa rai mu gan shi. Ruwanmu ya yi ƙasa, sai Mai-Igiya ya ɗanɗana ƙasar wani kwari ya ce a nan za a haƙa. Ya kai zurfin gaba bakwai, ƙasa ta fara sanyi, sai na jefa ɗan ludo ya ba ni biyu. Dutse ya zame daga bakin ramin ya tsaga masa ƙauri har ƙashi.

Ba dodo ba, ba takobi ba, dutse. Ka kuma san dokar rauni, tunda ni na rubuta maka ita da hannuna lokacin ina makarantar jinya: kwana uku na zazzaɓi, a rana ta uku mai ba da labari ya jefa, in ya gaza shida mutum ya tafi. Asabar mai zuwa ce rana ta uku. Ba na jin tsoro sosai. Tsohon nan ya tsallake abin da ya fi wannan.

Ka gaishe mini da Anti, ka ja kunnen yaran.

Ƙanwarka,
Tsinke (ko da yake sunan ya daina dacewa)

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku gaba ɗaya. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi, saura in ji daga bakin Anti kafin in yarda.

Mai-Igiya ya rayu, kuma wallahi tun ranar ban ji daɗin raina ba. Bari in faɗa maka yadda aka yi.

Da aka zo jifar, kowa ya matso kusa da tebur. Tela har ta ajiye ɗinkin da take zuwa da shi. Sai na ga Maigidan ya tayar da littafinka tsaye a gabansa, ya jefa a bayansa, ya ce tara. Auta ta yi ihu, Kawu ya ce shi dama ya san tsohon ƙashi ne da shi. Murna ta hana su lura, amma ni kunnena ya ji. Shekara bakwai ina jin ƙarar ɗan ludo a tiren Mama, ƙarar nan mai kama da ta cokali a kofi. Wannan karon katako na ji. Ga shi kuma yana ta sosa bayan kunne, abin da yake yi ke nan in ya ce ya ci abinci a makaranta alhali bai ci ba.

Kai ka kafa mana dokar nan tun ranar farko: a tire ake jefawa, a gaban kowa, abin da ya faɗi ya faɗi. Ban ce komai ba a gaban mutane, ba zan kunyata shi a kujerarka ba. Na yi murmushi na ce tsoho ya buɗe ido ya nemi ruwa. Amma bakina ne kawai ya faɗa. Ji na yi kamar an ba ni aron mutumin wani.

Na yi kwana huɗu ina juya abin. Ran Alhamis da safe yana gugar rigarsa, na tsaya a bakin ƙofa na tambaye shi nawa ya faɗi. Bai ko yi gardama ba. Ya kashe dutsen gugar, ya ce uku. Ya yi tsuru-tsuru kamar ɗalibin da ya kama da satar amsa, shi da ke cika baki cewa ba a taɓa yi masa ita a aji ba.

Na yi faɗa, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ya mayar da ni yarinya da ake bar wa wasa don kada ta yi kuka. Ya bari na gama, sannan ya faɗi dalilinsa. Akwai wani dattijo da na yi wata biyu ina wanke wa ƙafa a asibiti, mai ciwon sukari, mai yawan barkwanci, kullum sai ya ce hannuna ya fi na 'ya'yansa tausayi. Ya rasu ran Larabar da ta gabaci wasan. Ban faɗa wa kowa ba sai Maigidan. Ya ce ya ga yadda na dawo ranar na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ya kuma ga uku a bayan littafin, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya ce ba zai iya kashe mini tsoho na biyu da ciwon ƙafa a mako ɗaya ba.

To ka gani. Mutum ya yi maka ƙarya don yana sonka, ina za ka kai ƙararsa? Na ƙarasa masa gugar, don ya kusa makara.

Amma abin bai kwanta ba. In ana iya ɗaga wa Mai-Igiya ƙafa yau, to duk haɗarin da ya tsallake a baya ya zama wasan yara. Ranar da ya shiga kogi da igiya a haƙori ya fito da mutuniyar Tela, 'yar takobin nan, ashe ba komai ba ce, tunda dama ba zai nutse ba. Ni ba na son tsohon da ba ya mutuwa. Nawa nake so, mai ciwon gwiwa, wanda dutse zai iya kayarwa.

Ba hukunci nake nema a wurinka ba, kada ka kira shi ka yi masa tsiya, na san ku. Na faɗa masa gobe Asabar zan yi magana, ya ce a'a, shi ya ɓata, shi zai faɗa da bakinsa. Ban san me za a yanke ba. Ina dai kallon takardar da na rubuta bayanin Mai-Igiya a kai, wadda ta yi laushi saboda gogewa, ina jin kamar in ɓoye ta a ƙarƙashin katifa.

Ka yi mana addu'a, ko da yake na san dariya kake yi.

Taka,
Tsinke

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. A riƙa ba ta ruwa da yawa, a kuma ƙarasa maganin ko ta warware.

Ya faɗa. Tun kafin a zuba shayi ya miƙe tsaye, ya ce ya ci amanar tebur, uku ce ta faɗi ba tara ba. Tela ta riƙe baki. Kawu ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce shekara talatin yana tuƙin babbar mota bai taɓa ganin wanda ya kai kansa wurin 'yan sanda ba sai yau. Dariyar da aka yi ta ɗan sassauta wurin.

Sai lauyar gidanmu ta gyara zama. Auta ta ce a dokarka abin da bai faɗi a tire ba bai faɗi ba, don haka tara ba ta nan, uku ma ba ta nan, sai a sake. Na ce ba na son a yi mini alfarma ta bayan gida. Ta buɗe shafin farko ta nuna mini rubutunka, ta ce ba alfarma ba ce, doka ce, in ina da ja in ɗaukaka ƙara zuwa wurinka. Gaskiyarta ne. Maigidan ya tura tiren tsakiyar tebur, ya ɗora hannu ɗaya a bayansa kamar mai rantsuwa, ya jefa.

Ɗaya ya tsaya nan take a kan uku. Ɗayan ya yi ta zagaya bakin tiren, ya bi ta kan zanen furen nan da ya goge, har na fara sa rai. Ya kwanta a kan ɗaya. Huɗu.

Kawu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ban yi zaton zan yi hawaye ba, amma na yi, kuma ban ji kunya ba. Abin mamaki, a ƙarƙashin hawayen wani sanyi na ji, irin wanda kake ji in ka cire takalmin da ya matse ka tun safe. Tsohona ya dawo nawa, ko da na minti biyar ne.

An ba ni damar maganarsa ta ƙarshe. Ban shirya komai ba. Na ce ya ba 'yar takobin Tela igiyarsa, ya gargaɗe ta kada ta naɗe ta a jiƙe. Ya ce wa madugu Sai-Gobe ba ta jin duka, sai an yi mata magana a kunnen hagu. Ya ce kuma ƙasar ramin nan ta yi sanyi, saura gaba biyu a ga ruwa, kaico. Shi ke nan. Na rubuta sunansa a bayan littafinka, ƙarƙashin maharbin Auta na shekarar farko.

Daga nan na koma kujerar jira. Kai ka ƙirƙiro ta, amma ba ka taɓa zama a kai ba, to bari in ba ka labari. Tana nan bakin taga, kuma doka ba ta canza ba: wanda mutuminsa ya mutu ba ya magana, ba ya ba da shawara, sai ayari ya isa gari inda sabon mutum zai iya fitowa, don a Ƙasar Gishiri ba wanda ke faɗowa daga sama. Gari mafi kusa kuwa tafiyar Asabar huɗu ce ko biyar. Ni ce mai zuba shayi yanzu.

Ina zaune ina ji suka shiga gardama. Maigidan ya lissafa musu: jinyar tsoho ta cinye kwanakin da suka rage. In sun tashi yanzu, suka zubar da kaya masu nauyi, suka saki Sai-Gobe, suka riƙa shan ruwa da murfin gora, za su isa Dutsen Tsawa daidai ranar. In sun tsaya ƙarasa rijiyar, kwana uku ne a hannun waɗanda ba su iya ba, maciji kuwa sai bayan shekara arba'in. Auta ta ce a tafi, abin da tsohon zai so ke nan. Tela ta ce ita ba ta san abin da zai so ba, ta dai san abin da ya ce. Duk suka juyo suna kallona. Na cije leɓe na dubi titi, ina ƙirga masu wucewa. Da na iya magana da na ce su tafi, wallahi. Kawu ya haura saba'in, tun shekara uku yake zancen macijin nan.

Lokaci ya ƙare ba su yanke ba. Ka san kuwa a gida ɗaya nake da mai littafin, amma ko da wasa bai tambaye ni ra'ayina ba, ni ma ban faɗa ba. Mun koyi darasi.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Tsinke

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ka yafe mini jinkirin amsa, an ƙara mana aiki, ma'aikata biyu sun tafi hutun haihuwa lokaci guda kamar sun haɗa baki.

Sun tsaya, Yaya.

Kawu ne ya yanke. Ya ce shi madugu ne, kuma a tuƙinsa bai taɓa barin abokin tafiya a gefen hanya don sauri ba. Ya ce maciji ya yi shekara dubu yana sauka ba tare da shi ba, ya ci gaba. Auta ta yi ƙunƙuni, amma ita ce ta fara shiga ramin.

Da ka ga haƙar da ka yi dariya har bayanka ya motsa. Ba wanda ya iya. Suka ɗaura igiya a baibai, guga ya faɗo wa madugu a ka. 'Yar takobin Tela, wadda ko ƙura ba ta bari ta taɓa takobinta, da shi ta riƙa sassaƙar ƙasa har bakinsa ya dakushe. Ni ina bakin taga na san duk kuskuren da suke yi, ina ta murza gefen mayafina, ba halin magana. A rana ta uku aka zo jifar ruwa. Kawu ya hura wa 'ya'yan ludon iska, ya watsa a tire, goma. Maigidan ya ce ƙasa ta yi duhu a ƙarƙashin ƙafar Auta, sannan ruwa ya taso ya rufe mata idon sawu. Tela ta taso ta rungume ni da ƙarfi har shayi ya zube a taswirarka. Ka yi haƙuri, gabashin Farin Fili ya zama ruwan ƙasa.

Ba su ga macijin ba. Abin da suka samu shi ne wani jan haske can nesa a gefen sama, da iska mai ɗumi da ta wuce ta kansu sau ɗaya. Na saci kallon Kawu. Ya rufe ido yana murmushi, ya ce ya isa.

Asabar ta gaba wani ayari ya biyo ta kwarin, suna dawowa daga dutsen, leɓunansu duk sun tsage, da mace mai goyo a cikinsu. Suka sha, suka cika salkunansu. Na zargi Maigidan da shirya wannan don ya wanke kansa, sai ya nuna mini shafin da ka rubuta tun bara cewa ayarin zai bi ta nan, kuma rabinsu ƙishirwa za ta kashe. Ashe kai ma mugu ne. Shugabansu ya tambayi rijiyar wa ce, Kawu ya gyara murya ya ce ta wani tsoho ce mai ciwon gwiwa, ba ya nan, amma ya ce a sha.

Nan ne na gane abin da na kasa faɗa wa abokiyar aikina. A asibiti, dattijon nan nawa ya rasu da hantsi, kafin azahar an canza zanin gadon an kwantar da wani. Ba laifin kowa ba ne, haka aikin yake, ni ma na kama gefen zanin. Amma a teburin nan mutum ya tafi an ji nauyin tafiyarsa. An raba kayansa an ɗauka. Har yau in Sai-Gobe ta ƙi tafiya, sai ka ga Tela ta karkata kai tana raɗa wa iska magana ta hagu.

Asabar biyar na yi a bakin taga, kuma ban ƙosa ba. Na gane Auta tana motsa leɓe in tana shirya ƙarya, na gane Kawu yana ɓoye biskit a aljihu. Maigidan kuwa yanzu ko atishawa zai yi sai ya matso da tire. Na yafe masa tuni, ban dai faɗa masa da wuri ba, don wanke-wanken da yake yi na neman shiri yana da amfani.

Jiya suka hango ganuwar gari. Mako mai zuwa zan dawo tebur. Na yanke shawara mace ce, mai gyaran takalma a bakin kasuwa, mai tsiwa, ba ta taɓa jin sunan Mai-Igiya ba. Zan sha wuya kafin in koyi rashin saninsa.

Roƙo ɗaya nake da shi. Na san ka tafi da ainihin taswirar, wadda ka zana da tawada. Ka buɗe ta, ka nemi kwarin da ke tsakanin Farin Fili da Dutsen Tsawa, ka sa ɗigo shuɗi guda ɗaya. Kada ka girmama shi, na san hannunka. Ƙaramar rijiya ce, gaba tara, bakinta a karkace don 'yan koyo ne suka ƙarasa ta, ruwanta ma da ɗan gishiri-gishiri. Amma duk wanda ya biyo ta nan zai sha.

Kowa yana gaishe ka, Kawu ya ce kujerarka ba ta gaji da jira ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Tsinke